Malam Ya Ajiye Alƙalami

Tudun Wada,
Zariya.

Aminina Alhaji,

Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki, da sauran jama'armu na Agege. Yaya ƙafar? Yaron da ya kawo saƙo ya ce har yanzu in ka daɗe a zaune sai ka dafa bango kafin ka miƙe. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Goro ya iso, an raba har maƙwabta, kowa na sa albarka. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa. Da asuba sahun masallaci kowa ya naɗe kai da mayafi, liman na karatu ana amsa masa da tari.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya kamar kullum. Maganar ce ta fi ƙarfin waya. In na kira ka, gaisuwa za ta cinye rabin katin, hayaniyar kasuwa ta cinye sauran, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake bayan la'asar.

Malam ya ajiye alƙalami. Shafin nan nasa na ranar Juma'a, wanda muka fara bi tun 'ya'yanmu na firamare, ga shi yau su ma sun kai nasu makaranta, ya zo ƙarshe. Kada gabanka ya faɗi, yana nan da ransa da lafiyarsa. Shi da kansa ya yi sallama.

Rubutun na ƙarshe gajere ne, bai kai rabin abin da ya saba ba. Ya ce ido ya yi rauni, jikarsa ce yanzu ke karanta masa wasiƙu, ita ke buga abin da ya faɗa, ga ta kuma za ta tafi makarantar gaba. Amma ya ce wannan ba shi ne babban dalili ba. Babban dalilin, ya fara kama kansa yana maimaita labarin da ya riga ya bayar, har wani mai karatu daga Gusau ya rubuto cikin ladabi ya tuna masa. Ya ce tun da abin ya kai haka, gara ya tashi da ƙafarsa tun ana marmarinsa. Daga nan ya gode wa masu tace rubutu, da masu kwana a gaban injin buga jarida, da yaran da ke yawo da ita a rana. Ya jero garuruwan da wasiƙu suka fi zuwa masa, har da Agege, ka ji. Sannan ya nemi gafarar duk wanda alƙalaminsa ya taɓa, ya ce shi ma ya yafe wa kowa. Shi ke nan. Ba hoto, ba dogon tarihin kai.

Na karanta, na sake karantawa, na rasa abin da ke mini daɗi. Ka san Malam ba mai manyan maganganu ba ne. Wasu na can suna rabon muƙamai a takarda, suna naɗa gwamna suna tuɓewa, shi yana nan kan farashin taki, da ladabin cin bashi da na biyansa, da kayan lefen da ke korar samari daga aure, da almajirin da ke wanke masa kwano wanda ya gano bai taɓa tambayar sunan garinsu ba. Rannan zai yi shafi guda a kan bishiyar darbejiyar ƙofar gidansa da aka sare don a faɗaɗa hanya, ka gama karantawa ka ga ashe maganar hukuma da talaka yake yi. Ga Hausa tsab, ba ƙaƙale, ba aron baki. In ya yi fushi ka sani, in abu ya ba shi dariya ka ji ta a cikin jimlar. Mutum ne da muka saba da muryarsa alhali ba mu taɓa jin ta da kunne ba.

Da ka ga teburin mai jaridarmu ranar. Ka san yadda wurin yake: jaridu a shimfiɗe, kowace an danne ta da dutse saboda iska, mutum goma a tsaye, mai saye ɗaya. Ranar kuwa kafin hantsi ya dubi ludayi ta ƙare ƙaf, don waɗanda suka shekara suna karatun tsaye duk sun sa hannu a aljihu. Tela ne ya karanta a bayyane, kamar yadda ya saba yi wa waɗanda boko bai zauna musu ba. Da ya zo wurin neman gafarar sai murya ta sarƙe, ya miƙa wa wani ya ƙarasa. Wani tsohon direban tanka, wanda ban taɓa jin ya tofa a wurin ba, ya ce shi a Fatakwal ya fara jin shafin, a bakin yaron motarsa, suna jiran lodi. Tun daga nan duk garin da Juma'a ta riske shi sai ya nemi jaridar a karanta masa.

To daga nan kan jama'a ya rabu. Wasu suka ce a tashi wakilai a je a roƙe shi ya dawo, ko da sau ɗaya a wata ne. Har an fara karo-karon kuɗin mota. Na san da kana nan kai za ka shige gaba, don na san halinka, ba ka son ganin an rufe abu mai amfani. Ni kuwa na ƙi, kuma ina so ka ji dalilina kafin ka yanke mini hukunci.

Mu 'yan mintoci muke yi mu karanta, mu ninke, mu ce yau Malam ya yi ƙoƙari, ko yau bai taɓuka ba. Shi kuwa mako guda yake yi da abin a kansa. Tsakiyar mako dole rubutu ya isa hannun edita, ko suna ake yi a gidan ko zaman makoki, ko akwai wuta ko babu. Ka tuna makon da uwargidansa ta rasu? Shafin ya fito. Gajere, amma ya fito, mu kuma muka karanta, muka yi mata addu'a, muka wuce harkokinmu. Kuma kowa ya san abin da ake ba mai shafi a jaridar Hausa, in ma an ba shi, ba ya yin cefanen mako. Mutumin da ya yi mana wannan hidima tsawon shekarun nan ya zo ya ce ya gaji, a ganina bai kamata mu tasa shi gaba da magiya ba. Magiyar masoyi nauyi gare ta. Mai kunya irin Malam zai iya amsawa, ya dawo yana jan ƙafa, rubutu ya yi ta raguwa, har ranar da mu ɗin nan da muka roƙe shi za mu fara tsallake shafin. Wannan ranar ce ba na so ya gani.

Kuma Alhaji, sallamar nan da ya samu ya yi ba ƙaramar ni'ima ba ce, gare shi da gare mu. Mu da muka ga yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta tafi ai mun san bambanci.

Ka duba fa. Jaridar da ta fara fitowa a Janairun 1939 a nan Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Dokta Rupert East na Hukumar Talifi na kula da ita, Malam Abubakar Imam na edita tun bai cika shekara 30 ba. Turawa da nufinsu suka kafa ta, don su kashe jita-jitar da ke yawo gabanin yaƙin Hitila, amma Imam da masu rubuto masa wasiƙu suka mai da ita dandalin jama'a. Mutumin da jiya-jiya ya koyi haɗa baƙi ya ga sunansa da na garinsu a buge, yana kukan rijiya ko hanya ko haraji. Aka riƙa kai ta har wurin sojojinmu da ke yaƙi a Bama. A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Azikiwe, ya dawo ya ba mutane labarin abin da ya gano. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan Tudun Wada. Yadda muke rubuta Hausa yau, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da yawansa a shafukanta ya zauna da gindinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in gardama ta kaure a zaure kan wani labari, cewa yake a ɗauko Gaskiya, in ta faɗa magana ta ƙare. Daga 1966 ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, har ta kai tana fitowa sau uku a mako. Ka tuna muna kwalejin horon malamai, mutum ɗaya ya saya, ta zaga ɗakin kwana duka, ta dawo hannun mai ita duk ta yi laushi.

To ina sallamarta? Babu. Gwamnatin tarayya ta karɓe kamfanin a 1975, daga baya aka mayar wa jihohin Arewa, abu ya zama na kowa da kowa, kowane gwamna na jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a aljihu. Fitowa ta fara tsallake, albashin ma'aikata ya maƙale. Yau ka je tebur a ce ba ta zo ba, gobe a ce sai mako mai zuwa, har muka gaji muka daina tambaya. Jaridar da ta haura shekara 70 tana magana da mutane, amma cikinmu ba wanda ya karanta fitowar ƙarshe da sanin cewa ita ce ta ƙarshe. Ba a gode wa kowa ba, ba a nemi gafarar kowa ba. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Yau yaro zai ce wa mai Keke ya sauke shi a Gaskiya, bai san sunan jarida yake kira ba. Wallahi duk sanda na bi ta gaban ginin nan sai na ji abin a ƙirjina.

Ba ita kaɗai ba ce kuma. Amana ta kamfanin Concord na Abiola haka ta tafi, A Yau ma haka. Dalilan a fili suke: takarda da dala ake sayo ta daga waje tun da masana'antar Oku Iboku ta tsaya a shekarun 1990, masu talla sun fi son jaridar Turanci ko da masu sayen kayansu Hausa suke ji, dillalai su karɓi jarida kuɗi ya ƙi dawowa, ga waya ta zo ta ɗauke idon yara. Shi kansa Malam jaridu sun mutu a ƙarƙashinsa, sai ya ɗauki shafinsa ya koma wata, mu kuma mu bi shi. Wannan karon ne kawai ya samu ya rufe ƙofa da hannunsa. Don me za mu hana shi?

Da na faɗi haka a tebur, sai na ce maimakon ayarin magiya a yi ayarin godiya. Aka yarda, ko da yake wasu ba da son ransu ba. Kuɗin da aka tara aka sayi shadda da turare, muka kama hanyar garinsu, ni da Tela da direban tankar nan, da wata Hajiya, malamar asibiti ce da ta yi ritaya, ɗanta ya rako ta. A mota take ba mu labarinta. Bayan rasuwar maigidanta dangin miji suka riƙe gidan marayu, ta rasa wanda za ta kai wa kuka, ta rubuta wa Malam. Bai ambaci sunanta ba, bai ambaci garin ba, ya yi Juma'a uku a jere yana magana kan dukiyar maraya. Ta yanke ta sa a ambulan ta aika wa wan mijin. Ba ta ce shi ya sa aka sakar musu gidan ba, don sai da aka je gaban alƙali. Abin da ta ce, ranar ce ta fara yin barci, don ta ji wani ya faɗa da ƙarfi abin da take faɗa a zuci.

Gidan Malam na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, zaure da tabarma da buta a gefe. Mutum ne ɗan ƙarami, Alhaji, siriri, murya ƙasa-ƙasa. Ni da na ɗauka ƙato zan gani saboda yadda yake tsage gaskiya a takarda. Ya rasa inda zai sa mu don kunya, yana ta cewa ai da ba mu wahalar da kanmu ba. Aka kawo ruwa da fura, aka gaisa, aka sake gaisawa. Can sai Tela ya kwance jakarsa ya fito da kundayensa.

Ka san su ai. Tsofaffin littattafan awo ne, waɗanda yake rubuta tsawon riga da faɗin wuya, in sun cika sai ya mai da su ma'aji. Da almakashin ɗinki yake yanke shafin, ya jiƙa ƙaro ya liƙa, ya rubuta kwanan wata da jan biro a sama. Ta gefen wani rubutun kana hango awon wandon wani bawan Allah. Malam ya ɗauki ɗaya ya kai dab da idonsa, ya bi layin da yatsa, ya ɗago ya ce shi ya ma manta ya taɓa rubuta wannan. A nan muka ji abin da ya ɗaure mana kai: ashe ba shi da kwafin rubutunsa. Na farko-farko da hannu ya rubuta, ya ba direba a tasha, ba su dawo ba. Na tsakiya suna cikin wata kwamfuta da ta mutu. Jaridun da ya tara kuwa gara ta shiga ɗakin wata damina, abin da ya tsira yara suka kwasa suka ba mai ƙosai. Abin da ya adana da kyau, a ƙulle cikin leda, cikin manyan jakunkunan Gana-mas-go a ƙarƙashin gado, wasiƙunmu ne. Ya sa jikar ta jawo ɗaya, ta zazzage a tabarma, wasu a takardar makaranta, wasu a bayan rasit, wasu da ajami. Alhaji, na ga rubutun hannunka.

Wasiƙar nan ce da ka rubuta cikin fushi, lokacin da ya yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro kan ɓoye kaya da azumi. Ka ce masa bai san bashin da ɗan kasuwa ke kwana da shi ba, bai san abin da ake zubarwa a shingayen hanya tsakanin Legas da Arewa ba. Ya tuna ka sarai. Ya ce wasiƙarka ce ta sa ya je kasuwa ya yini a rumfar dillalan hatsi kafin ya sake taɓa maganar. Ya ce cikin masu karatunsa ya fi amfana da irinku masu gardama, don mai yabo ba ya nuna maka inda ka karkace. Ya ce in gaishe ka da kyau, in kuma tambaye ka ko ka huce.

A hanyar dawowa wani Bature ya faɗo mini a rai. Ka tuna Alistair Cooke, wanda malaminmu na Turanci ke sa mu saurara a BBC don kunnenmu ya buɗe, mai Wasiƙa daga Amurka? Minti 15 duk mako, mutum ɗaya yana hira kamar da kai kaɗai yake. Ya fara a Maris na 1946, bai tsaya ba sai Fabrairun 2004, shekara 58, wasiƙa 2,869. Shi bai samu yin sallama a iska ba. Ya karanta ta ƙarshe ba a san ita ce ta ƙarshe ba, sai sanarwa aka ji cewa ya yi ritaya bisa shawarar likitoci, kafin watan Maris ya ƙare ya mutu a birnin New York yana da shekara 95. Abin da ya sa na kawo maka shi, BBC da duk girmanta da kuɗinta ba ta ajiye yawancin faya-fayan shekarun baya ba. Da ta tashi nema bayan mutuwarsa, sai ga wasu masu sauraro biyu a Ingila, ɗayansu manomi, sun fito da abin da suka yi ta ɗauka daga rediyo a gidajensu shekara da shekaru, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Daga hannunsu aka dawo da shiri fiye da 600 da aka riga aka fid da rai. To in haka ta faru a Landan, ina ga mu da ke fama da gara da yoyon ɗaki? Na dubi Tela yana gyangyaɗi a kujerar gaba, ya rungume jakarsa, na ce a raina yau in wannan jaka ta ɓata, rabin aikin rayuwar Malam ya tafi.

Saboda haka ga abin da muka yanke, kuma a nan ne kake shigowa. Za mu tattara rubutun duka, daga farko har ƙarshe, a buga a kwamfuta, a yi littafi. Kwafi na farko a kai wa Malam tun yana iya riƙe shi da hannunsa. A kai wani kwafin Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi tun 1970, inda masu bincike ke zuwa neman irin waɗannan takardu. A kai wani kwafin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'a nan Samaru. In Allah ya hore, a buga da yawa a sayar, abin da aka samu nasa ne.

Malam ya amince, amma da sharuɗɗa. Ya ce a nemi izinin masu jaridar da ke raye tukuna. Ya ce wasiƙun mutane amana ce: akwai wanda ya faɗa masa sirrin aurensa, akwai mai bashi, akwai mai ciwon da ko iyalinsa ba su sani ba, don haka ba za a buga ko ɗaya da suna ba sai da yardar mai ita, wasu ma shi da kansa zai ƙone su. Na ga gaskiyarsa, ko da yake raina ya so a ce an adana duka, don rabin daɗin shafin ai amsoshin da yake ba mutane ne. Tela ya so a tsince masu daɗi kawai a bar sauran. Malam ya ce a'a, a sa har waɗanda lokaci ya ƙaryata shi, mai karatu na gaba ya ga yadda mutum ke canza ra'ayi. Ni ma nan na tsaya.

Na ji kuma ana cewa editan na tunanin ba wani matashi shafin, a ci gaba da tsohon sunan. Yaron na da hannu, na karanta shi, ina kuma yi masa fatan alheri. Amma da za a ji tawa, a buɗe masa nasa filin da nasa suna. In aka sa masa rigar Malam, kullum da Malam za a auna shi, ba za a taɓa ganin tsawonsa na gaskiya ba. Ya tara nasa masu karatun, su yi nasu sabon da shi.

Mu dai har yanzu muna haɗuwa a tebur ranar Juma'a kafin masallaci. Tela kan zo da kundi ɗaya ya karanta wani tsohon shafi. Makon jiya ya karanta wanda Malam ke kukan tsadar buhun masara a wancan zamani, da ya faɗi kuɗin sai samarin da ke wurin suka ce ƙarya ne, sai da aka nuna musu da idonsu. Gardama ta tashi kan noman da da na yanzu har aka kira salla.

Yanzu ga roƙona. Kundayen Tela ba su kai farkon shafin ba, don sai daga baya ya fara tarawa. Shekarun farkon nan kuwa su ne lokacin da ka koma Legas, nake yanke maka shafin ina tarawa, in wata ya ƙare in zuba a ambulan in aika maka ta gidan waya. Na san Hajiya ba ta zubar da takarda. Don Allah ka roƙar mini ita ta duba akwatunanta da ƙasan adaka. Duk abin da aka samu, ko rabin shafi ne, muna so. Takardar jarida in ta tsufa ja take yi ta bushe, tana karyewa a wurin ninki, saboda haka kada a buɗe ta da ƙarfi, kada kuma a liƙa mata salatif, yana cin rubutu. A shimfiɗa su tsakanin kwali biyu a ɗaure. Kafin su bar gidan ka sa ɗaya daga cikin jikokinka ya ɗauki hoton kowace da waya, da rana a inuwa, yadda rubutun zai fito, ko da wani abu zai faru a hanya. In ambulan ɗin na nan da hatimin gidan waya a haɗo da su, za su taimaka mana gane shekara, don na san ba duka na rubuta wa kwanan wata ba. Ka kuma cigita a majalisarku ta Agege da wajen mutanenmu na Idi Araba da Mile 12, wataƙila akwai wani mai irin halin Tela a can.

Wasiƙarka ta fushin nan fa, Malam na tambaya ko ka yarda a sa ta a littafin tare da amsar da ya ba ka. Ni na ce masa za ka yarda, amma ya ce sai ya ji daga bakinka. Ka rubuto masa 'yan layuka ka haɗo da kayan, zan kai masa da hannuna, jikar ta karanta masa kafin ta tafi makaranta.

In ka tashi aikowa ka ba direban da ka yarda da shi, ka ce masa kada a ɗora kaya a kai, kada kuma a sa kusa da jarkar manja. Maiɗakina na gaida Hajiya, ta ce a faɗa mata bikin autarmu bayan Babbar Salla ne in Allah ya kai mu, kuma ba ta karɓar uzuri. A gaida yara duka da mutanen rumfa.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Naka,
Amininka na Tudun Wada.